Shekarar da Na Shigo Gangara da Sirdi Bisa Kai

Ku ɗiyana, kun tashi kun iske ana ce mini Mai Sirdi, kuma na san ba ku so. Sahabi har dambe ya yi a bakin kasuwa don wani ya ce masa ɗan Mai Sirdi, ya dawo gida da fasasshen leɓe. Abin da ake ba ku labari shi ne na fita da dokin kakanku na dawo a ƙasa da sirdi bisa kai, kuma na ci mutuncin mijin gwaggona a ƙofar gidansa. Duka biyun an yi, ba za ni musa ba. Amma cikin masu ba da labarin nan babu wanda ya bi ni dajin. Ni ba mai ilimi ba ne, yadda abin ya zo mini haka za ni rubuta shi, ku kuma ku riƙe.

Shekarar fari ce, damina biyu a jere ba ta yi ba. A gidanmu akwai irin gero da muke ce wa Gajere. Zangarniyarsa ba ta kai kamu ɗaya ba, ba shi da kyan gani, maƙwabta dariya suke yi masa a shekarar ƙoshi. Amma yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke tsakiyar damina shi ya riga ya yi ido. Daga kakan kakanku munka gaje shi. A damina ta biyu munka yi binne da sauran irin da ya rage, wato munka shuka kafin ruwa ya sauka. Aka yi ɗan yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Daga nan babu ƙwayar Gajere ko ɗaya a Gangara. Abin da ke kasuwa jar dawar taimako ce da ba ta san ƙasarmu ba, sai dogon geron kudu mai son ruwa da yawa. Duk wanda ya shuka wannan a jigawarmu a irin shekarun nan, kara zai girba. Da bazara ta uku ta tsaya, kowa a gidan ya san in ba mu sami Gajere kafin ruwan farko ba, sai dai mu kulle gida mu bi yayana Sani kudu, inda ya tafi cin rani bai ko aiko ba.

Inna ce ta tuna da Gwaggo Tumba, ƙanwar Baba. A gidanmu in ɗiya za ta ɗakin miji, ana sa mata damin irin gida cikin kayanta. Gwaggo tana auren Baba Nomau a Tungar Marke, can bayan garin Isa, cikin daji inda mota ba ta shiga, kuma mun san duk shekara tana shuka Gajere a ɗan gayaunarta. Baba ya ce ni za ni je, kuma bisa Bidi.

Bidi dokin Baba ne. Mun sayar da awaki, mun sayar da jaki, Inna ta sayar da tasoshinta, amma Bidi yana turke. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga zaure. Inna ba ta cika yin gardama da Baba gabanmu ba, amma ran nan ta yi.

“Malam, dabbar nan ba ta iya kai kanta rijiya. Bar yaro shi tafi a ƙasa.”

“A ƙasa? Shi shiga gidan Nomau da ƙafa kamar mai bara? A ce gidan nan ya ƙare?”

“To bai ƙare ba? Leƙa rumbu ka gani.”

“Rumbu nawa ne, babu mai leƙa shi. Hanya kuwa ta kowa ce.”

Ya juyo gare ni ya ce, “Ila, ka ji ni da kyau. In ka sauka, ka yi gaisuwa, ka sha ruwa, ka kwana. Kada ka buɗe baki ka ce ga abin da ya kawo ka sai mai gida ya tambaye ka da kansa. Mu ba mu faɗin buƙata a bakin ƙofa.”

Uwarku lokacin tana da cikin Sahabi. Ta ƙulla mini ɗan garin da ya rage a tsumma, ta cika salka, ta tsaya bayan darni tana kallon gabas, ba ni take kallo ba. Duk garin gabas ake kallo a lokacin, wajen da hadari ke tasowa.

Ku da kunka tashi kuna ganin dajin nan da sabara da geza, ba za ku gane yadda yake ba a shekarar. Fili ne fetal. Ka hau tudu ka hangi wani tudun, babu abin da ke tsakani sai rairayi da fako mai ƙyalli. Gawo duk an sassare rassansa an ba shanu, ya tsaya kamar mutum da aka yanke wa hannu. Kalgo babu ganye. Nan da can ƙasusuwan shanu, wasu da igiya har yanzu a wuya. Ba na iya sa Bidi sauri. Da sanyin safiya nake hawa, in rana ta ɗaga in sauka in ja shi, in ta take mu nemi gindin aduwa mu raɓe cikin 'yar inuwar da ba ta isa mu biyu ba. Likkafa tana zafi har ta cikin takalmi. Kowane taku ina jin ƙashin bayansa ta ƙarƙashin sirdi. Ni kuma wuyana ya gaji da waiwayen gabas. In na ga ɗan farin gajimare gabana ya faɗi, don ruwan da kowa ke roƙo ni tsoronsa nake ji, kada ya riga ni.

Wajen la'asar ɗin ranar farko na sauka a wata 'yar tunga bayan Tsamaye, gidan wani dattijo Labbo wanda ban taɓa gani ba. Kun san al'adarmu, ko da yake yanzu babura sun kashe ta. Baƙo in ya sauka da doki, dokin ake fara sallama. Mai gida da hannunsa zai kai masa hatsi a ƙwarya, a gaban mutane, kafin a kawo wa mai dokin ko ruwa. Wanda bai yi haka ba ya faɗi, har a auren ɗiyansa sai an tuna masa. Na san wannan tun ina yaro, amma wallahi ban kawo shi a raina ba sai da na ga Labbo ya shiga gida ya daɗe. Ya fito da 'yar ƙwarya, dusa ce a ciki. Ya ajiye gaban Bidi yana ba ni haƙuri wai babu dawa. Ɗiyansa ƙanana sunka fito sunka jeru jikin darni. Ba doki suke kallo ba, ƙwaryar suke kallo. Ta ƙofar na hangi matarsa tana tsame anza daga ruwa, wannan 'ya'yan itacen mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Dusar nan ita ce abin da za a gauraya a ba yaran.

Na ce, “Baba, da ka bar shi, ya ci a hanya.”

Ya ce, “Mi ya ci a hanya, rairayi? Yi shiru, ɗana. Doki bai taɓa kwana da yunwa a turkena ba.”

Bidi ya lashe ƙwaryar tas. Ni ko garin da uwarku ta ƙulla mini na kasa haɗiyewa, da safe na bar shi bisa tabarmar na tafi.

Daga ran nan na daina sauka gidan kowa. In na hangi bukkoki sai in kewaye. A daji muke kwana, in tsinto masa 'ya'yan gawo in an dace, in kakkaɓo busasshiyar ciyawa daga gindin ƙaya. Rijiyoyi biyu na iske sun ƙafe, ta uku guga laka yake fitowa da ita. A gulbin Isa, wanda na sani da ruwa har ƙirji, sai da na durƙusa cikin yashi tare da wasu Fulani muna tono da ƙoƙo kafin ruwa ya tsattsafo. Wata tsohuwa cikinsu ta dubi Bidi ta dube ni, ta ce, “Kaɗo, wanga kai ka ɗauke shi, ba shi ya ɗauke ka ba.” Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin wani tunani ya riga ya shige ni yana cina. Baba Nomau, mijin Gwaggo, mutum ne mai ji da kansa, ya fi Baba ma. In Labbo da bai san ni ba ya hana ɗiyansa dusa, mi Nomau zai yi? Kuma mi ya rage a gidansa da zai zuba a ƙwarya?

Na yanke shawara in ɗaure Bidi a daji in shiga tungar a ƙasa, Baba ya yi fushinsa daga baya. Amma ina dajin? Babu ko kututturen da zai ɓoye akuya. Tun ina bisa tudu na nesa mazan da ke zaune gindin marken nan sunka hange ni, na ga sun miƙe suna kare ido da hannu. Kafin in iso har an shimfiɗa tabarma.

Baba Nomau dogo ne, ya rame amma rawaninsa na nan daram. Ya kama linzami da kansa.

“Lale, lale! Ɗan gidan Gangara! Ku gani, jama'a, surukaina ko a wagga shekara bisa doki suke tafiya.”

Munka gaisa. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi gari da ruwa, na ce lafiya lau, kamar yadda ake cewa. Ya ce mini shi ya riga ya yi binne da maiwarsa duka, yana jiran Allah. Sai ya leƙa cikin gida ya yi magana ƙasa-ƙasa. Na ji muryar Gwaggo ta ɗan ɗaga, na ji tasa ta danne ta. Ya dawo ya zauna muna ta zancen duniya da mutanen tungar, ni kuwa kunnena na cikin gida. Can sai na ji taɓarya. Ba dakan fura ba ne, ba surfe ba ne. Sussuka ce, irin bugun nan mai taushi da ake yi wa zangarniya. Kuma ba ta daɗe ba, alamar abin kaɗan ne. Mutumin da ya binne maiwarsa duka, wace zangarniya ta rage masa a gida? Maganar Baba tana kunnena: kada ka buɗe baki. Na buɗe, na rufe. Wani dattijo yana tambayata farashin jaki a Sabon Birni, ban san abin da na ce masa ba.

Gwaggo ta fito da ƙwarya. Ta tsufa fiye da yadda na san ta. Ba ta dube ni ba, idonta ja wur. Ta durƙusa ta miƙa wa mijinta. Da ya wuce ta gabana na leƙa. Ƙananan ƙwayoyi masu ruwan toka. Ko cikin barci na san Gajere.

Bidi ya ji ƙamshi, ya yi haniniya irin wadda bai yi ba tun barinmu gida. Baba Nomau ya sunkuya ya ajiye. Bakin dokin ya riga ya shiga, ya ɗebi loma guda. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ture kan Bidi da kafaɗa, na fizge ƙwaryar na rungume ta a ƙirji.

Baba Nomau ya miƙe tsaye.

“Ila, mi ne haka?”

“Baba, ka gafarce ni. Wanga ba abincin doki ba ne. Iri ne. Shi na zo nema. Namu ya ƙone, ba mu da ko ƙwaya.”

Kun ga, a numfashi ɗaya na yi abu uku. Na ƙwace abin da mai gida ya ba baƙonsa. Na faɗi buƙata a bakin ƙofa. Kuma na sanar da duk tungar cewa Nomau ba shi da abin ba doki sai irin matarsa, gidan Gangara kuma ba su da komai sai dokin. Wani ya yi tari. Wani ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Baba Nomau bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

“Kana tsammani ban san iri ba ne? Ni na ce a sussuka. Abin gidana ne, ni ka ba wanda na so. Da ka bari na gama da dokinka, ka kwana, na tambaye ka, da ko rigata sai in sayar in nemo maka.”

“Baba, ba a sayar da shi ko'ina. Wanga kaɗai ya rage.”

Ya juya wajen Gwaggo. Sa'an nan ya ce, “Tumba, juye masa. Har wanda ya zube a turmi ki share ki ba shi. In ya gama shi kama hanya. Shi gaida yayan naki, in ji ni, shi ce na ga tarbiyya.”

Ya shige gida. Ban sake jin muryarsa ba har ya bar duniya.

Gwaggo ta cire kallabinta ta juye irin a ciki, ta ƙulle tam. Duka bai cika ƙwarya ba. Na ce ta rage nata, ta ce a'a, in ta rage gobe wani baƙon zai zo da doki. Ta raka ni bayan tungar, ta cika mini salka daga tulunta a ɓoye.

“Ka kai wa Yaya. Ka ce masa shi da Nomau duk jirgi ɗaya ne, girman kai zai kashe su. Kai kuma kada ka tsaya. Dubi gabas.”

Na duba. Ya yi baƙi daga ƙasa.

Komowar ita ce ba na son tunawa. Ban sake hawa Bidi ba, ja nake yi. Ƙullin yana cikin rigata, shi kuwa ya san yana nan. Muna tafiya yana sa hanci a haƙarƙarina, yana jan rigar da leɓe, yana wani ɗan gurnani kamar yaro. Dokin da na yi wa wanka tun ina ƙarami. In mun tsaya in zauna in juya masa baya, ya zagayo. Na yi ta lissafi a raina, in ba shi cikin tafin hannu ɗaya fa, tafi ɗaya ba zai rage komai ba. Amma na san tafi ɗaya kunya nawa zai shuka, kuma na san tafi ɗaya ba zai kai shi gida ba, sai na biyu, sai na uku. Kullum hadari yana haɗuwa da yamma, iska ta watsa shi, in ce Alhamdu lillahi, sa'an nan in ji kunyar abin da na gode wa Allah a kai.

Mun wuce Isa, mun shiga fakon da ke kafin Tsamaye, da hantsi, sai ƙafafunsa na gaba sunka lanƙwashe. Ya kwanta. Na ja, na roƙa, na ɗaga wutsiya, na zuba masa sauran ruwan salka a baki. Ya sha, bai tashi ba. Ungulu sun riga sun fara kewayawa sama. Na zauna na sa kansa bisa cinyata har rana ta take. Sai iska ta juyo da sanyi, da ƙamshin nan na jiƙaƙƙiyar ƙasa. An yi ruwa a wani wuri ba nisa. Na kwance majayi, na zare sirdin, na cire masa linzami don kada ya mutu da ƙarfe a baki. Yana numfashi na tafi. Na waiwaya sau ɗaya, ya ɗago kai yana kallona. Ban ƙara waiwayawa ba.

Sirdin na kakana ne, ba na barin shi a daji, don haka na saɓa shi a kafaɗa. Washegari ina hangen itatuwan Gangara ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, ruwa na gaske. Rigata ta jiƙe nan take. Iri in ya sha ruwa a ƙulle ya lalace. Babu bukka, babu itace mai ganye. Sai na fiddo ƙullin na ɗora bisa kaina, na kifa sirdin a kansa, na riƙe likkafu da hannu biyu, na yi ta gudu cikin taɓo. Haka na shigo gari. Mutane sun fito suna murna cikin ruwa, sunka ga ɗan Malam ya fita bisa doki ya dawo sirdin dokin na bisa shi. Wani ya yi ihu, “Ga Mai Sirdi nan!” Sun ga sirdi. Babu wanda ya ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Baba yana zaune a zaure. Ya dubi bayana, wajen da doki ya kamata ya kasance. Na sauke sirdin, na ajiye ƙullin gabansa, a bushe. Na faɗa masa komai, har da saƙon Nomau, ban rage ba. Inna da uwarku suna tsaye bakin ƙofa.

“Ina ka baro shi?”

“Fakon Tsamaye.”

“Ya cika?”

“Da sauran numfashi.”

Ya rufe ido. Ruwa na ta dukan jinka.

“Ka ba shi ya ci daga ciki?”

“Loma ɗaya ya samu a gidan Nomau. Ni ban ba shi ba.”

“Ko tafi guda?”

“Ko ƙwaya.”

Na jira mari, ko abin da ya fi mari. Sai ya jawo ƙullin ya kwance kallabin ƙanwarsa. Ya tsoma hannu, ya bar ƙwayoyin suna zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori.

“Gajere ne,” ya ce. “Ku nemo mini sungumi.”

Da gari ya waye munka fita gona. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya je gonar nan a ƙasa ba sai ran nan. Shi ke gaba yana saran rami, ni da Inna da uwarku da cikinta muna biye muna jefa ƙwaya uku-uku muna takewa, don kada ya ƙare. Damina ta sake ɗaukewa da wuri a shekarar. Masu dogon gero sun girbi kara. Mu mun ci, ba mu ƙoshi ba, amma ba mu kulle gida ba, kuma a ɗakin nan anka haifi Sahabi.

Baba bai sake ambaton sunan Bidi ba, bai kuma bari an tuge turken ba har ya rasu. Da kaka na ɗauki damin Gajere na kai Tungar Marke, a ƙasa. Baba Nomau yana gindin marke, na yi sallama, ya juya fuska. Na ajiye damin a ƙofar gida na juyo. Bai amsa ba, amma bai ce a mayar ba. Haka munka yi kowace shekara har ya mutu.

Tuwon da kunka ci jiya daga ƙullin nan ya fito. Sirdin yana rataye a ɗakina, gara ta fara cin katakonsa. Don haka kai Sahabi, in wani ya sake ce maka ɗan Mai Sirdi, kada ka dunƙule hannu. Ka amsa masa.